Kafin ka karɓi kuɗin gyara a bakin titi

Shekara 22 ke nan ina aikin kwankwasar mota da fenti a Maradi, garajinmu yana can wajen unguwar Zariya. Da wuya mako ya wuce ba a kira ni ba: "Maigida, zo ka duba mana, an buga." Galibi ranar Litinin ce ko Juma'a, ranakun kasuwa, lokacin da amalanke da baburan kabu-kabu da adaidaita da motocin Ɗan Isa, garin bakin iyakar Najeriya, ke cunkushewa a hanya ɗaya. Idan na isa, abu ɗaya nake tararwa: mutane biyu rai a ɓace, jama'a sun kewaye su, kowa yana faɗin farashi. Wannan ya ce jika biyar, wato sefa 5,000, ta isa, wancan ya ce ai fitilar nan kaɗai ta fi haka. Masu motar kuma ba su son a kira ƴan sanda, ba su son maganar asurans, wato abin da ƴan'uwanmu na Katsina ke ce wa inshora. Suna son a gama a nan, kowa ya kama gabansa.

Ban ga laifin wannan ba. Ƙaramin gogewa bai kai a ɓata yini ana jiran konsta, wato rahoton haɗari da hukuma ke rubutawa, ba, balle a yi ta kai da kawo da takardu. Sulhu alheri ne, kuma mutumin da ka yi rigima da shi yau a titi, gobe kuna sahu ɗaya a masallaci. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yanke kuɗin a tsaye, cikin rana, da ido kawai.

Ni kaina na taɓa cutar da mutum da haka, ban sani ba. Wani malamin makaranta ne mai Corolla, wata Hilux ta ja baya ta same shi a gaba, kusa da babbar kasuwa. Na duba, parashok, wato bamba, ya ɗan tsage, fenti ya kankare, fitila tana ci. Na ce jika 15, wato sefa 15,000. Mai Hilux ya ƙirga ya ba shi, aka yi musabaha. Washegari da na kwance parashok ɗin, sai ga ƙarfen da ke bayansa ya lanƙwashe ya danne radiyata, kunnuwan da ke riƙe fitila biyu sun karye, ruwa yana tsatsa. Aikin ya tashi sama da jika 70. Muka kira mai Hilux, yana hanyar Dakoro, ya ce ai mun gama magana gaban shaidu, kuma gaskiyarsa ce. Malamin nan daga albashinsa ya biya, wata biyu yana kawo mini kaɗan-kaɗan. Kuɗin hannuna na yafe masa, amma kayan ba nawa ba ne da zan yafe. Tun daga ranar ban ƙara faɗin farashi a bakin titi ba. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima; to, ido bai san abin da ke bayan roba ba. Parashok na motocin yanzu roba ne, yana shiga ciki ya dawo kamar ba a taɓa shi ba, ɓarnar tana can a ɓoye.

Kafin maganar kuɗi ma, akwai inda sulhu na ku-biyu bai dace ba sam. Idan mutum ya ji ciwo, ko da ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce ba komai, a kai shi likita, a kira hukuma. Wanda ya bugu a ka yana iya tafiya gida da ƙafarsa, dare ya yi a kwashe shi. Yaro, tsoho, mace mai ciki, ba a ciniki a kansu. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18. Idan a wajen gari ne, kan hanyar Tibiri ko Madarumfa ko Tasawa, aikin jandarma ne. Haka idan motar gwamnati ce ko ta wata ƙungiya, domin direban ba shi da ikon ɗaukar alkawari a kan dukiyar da ba tasa ba. Haka idan ka ga alamar mutum ya sha wani abu, ko kun kasa yarda a kan wa ke da laifi, ko ɓarnar ta kai motar ba ta iya tafiya da kanta. A irin wannan kada a gusa da motocin, a bar su yadda suke har a zo a auna.

Idan kwano ne kawai ya lotsa, to ga yadda nake ba mutane shawara.

Fara da sallama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na sha ganin aikin jika goma ya koma rigimar mako guda saboda kalmar farko da ta fito daga bakin mutum ita ce "makaho ne kai?" Ka fito, ka ce sannu, kowa lafiya, Allah ya taƙaita. Idan dattijo ne, ka ce "Baba, sannu, ba ka ji ciwo ba dai?" ko da shi ne ya shigo maka. Mutumin da aka mutunta gaban jama'a ya fi saurin cewa laifina ne.

Sannan ka ciro salula kafin kowa ya taɓa sitiyari. Ka ɗauki hoto daga nesa yadda za a ga motocin biyu da hanyar da kowa ya fito, ka ɗauki lambobin, ka matso ka ɗauki inda aka bugu, da ɓaraguzan gilashi a ƙasa, da sawun taya idan akwai. Minti biyu ne. Da zarar an janye motoci don a buɗe hanya, shaidar ta tafi, kuma idan sulhun ya rushe daga baya, hotunan nan su kaɗai za ka riƙe. Ka nemi mutum biyu da suka ga abin, irin waɗanda gobe za ka same su a wurin: mai shago, mai shayi, mai facin taya. Ɗan kallo da ke wucewa ba ya shaida.

Maganar laifi yawanci ba ta da wuya idan an bar son rai. Wanda ya bugi na gaba ta baya, nasa ne. Wanda ke ja da baya, ko ya fito daga lungu ya hau kwalta, ko ya buɗe ƙofa bai duba ba, nasa ne. A mararrabar da babu alama babu danja, wanda ya fito ta hannun damanka shi ke da hanya. Akwai kuma inda kowa yana da kaso, kamar ɗaya ya juya babu sigina, ɗaya kuma yana gudu. A nan ko kowa ya gyara tasa, ko a haɗa kuɗin biyu a raba. A faɗi wannan a fili gaban shaidu tun kafin a bar wurin.

Sai ka tambayi abin da mutane ke jin nauyin tambaya: motar taka ce? Yawancin yaran kabu-kabu da adaidaita da masu taksi ba nasu ba ne, akwai mai shi da suke kai wa kuɗi kullum. Yaron zai rantse maka zai biya, kuma har zuciyarsa yana nufin haka, amma ba shi da shi. A kira mai abin hawan tun a nan. Idan yaro ne ya ɗauko motar gida, a kira mahaifinsa. Ka ɗauki hoton farmi (lasisin tuƙi) da kartigiris (takardar rajistar abin hawa) da takardar asurans da katin ɗan ƙasa, shi ma ya ɗauki naka, ka kira lambarsa a gabansa ka ji ta yi ƙara. Amma kada ka ƙwace takardun mutum ko makullinsa ka ce jingina. Ba ka da wannan ikon, kuma ka hana shi neman kuɗin da zai biya ka. Abin da ya fi jingina shi ne mutum: maigidansa, ko shugaban tasharsu, ko wani babba a sandikarsu, wato ƙungiyarsu ta direbobi, da zai ce "na tsaya masa". Idan mai lambar Najeriya ne da zai tsallaka Ɗan Isa da yamma, to ranar nan za a gama komai, ko ya kawo mai masaukinsa na nan gari ya tsaya masa.

Daga nan sai garaji, ku biyu, a ranar. Wanda aka yi wa ɓarna shi ke zaɓen inda za a kai, tunda motarsa ce, amma mai biya yana da damar kiran nasa mai gyaran ya zo ya sa ido. Ni ba na jin haushin wannan, yana ma sauƙaƙa mini, don babu mai cewa na haɗa baki da wani.

Ga abin da nake yi idan mota ta shigo. Nakan sa yaro ya kwance parashok gaba ɗaya, ƙusoshi kaɗan ne da ƴan maƙalai. Nakan bi tsagar da ke tsakanin murfin inji da kwanon saman taya da ɗan yatsa, dama da hagu; idan gefe ɗaya yatsa yana shiga, ɗaya ba ya shiga, wani abu ya gusa a ciki. Nakan buɗe kowace ƙofa in rufe, in saurari ƙararta. Nakan girgiza fitila da hannu, don fitila tana iya ci lafiya alhali kunnuwanta sun karye. Nakan bar inji yana aiki minti goma, in shimfiɗa kwali a ƙasa in ga ko wani abu zai ɗiga, in kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota, in ji ko sanyi yana nan, don abin sanyin yana gaban radiyata ne, shi ke fara shan duka. Idan an taɓa taya, sai an zagaya da motar an ɗan saki sitiyari a ga ko tana ja gefe. Duk wannan bai fi awa ɗaya ba, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

A nan ne kuma nake kare mai biya, don cuta ba gefe ɗaya take zuwa ba. Akwai mai motar da zai so a haɗa masa da tsohon ciwo. Sabon rauni yana da haske, ƙarfen fari ne tas, sau da yawa har da fentin ɗaya motar a jikinsa. Tsohon rauni yana da tsatsa a baki da ƙura a cikin tsaga. Inda aka taɓa cika mastik, wato ƙullun da ake cike lotsawa da shi kafin fenti, idan ka ɗora maganaɗisu ba ya kamawa sosai, kuma idan ya fashe za ka ga kaurinsa kamar ɓawon gurasa. Kwanan baya wani Alhaji ya kawo mota, yaron adaidaita ya goge masa ƙofar baya, sai ya nuna mini har da lotsawar murfin baya. Na auna tsayin ƙarfen adaidaitar da sanda, na kai jikin motar, bai kai wurin ba. Na ce, "Alhaji, wannan ta riga ta yau." Ya yi shiru, ya ce haka ne, tun bara ce. Yaron nan har ya fara hawaye kafin a auna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mai mota ya faɗi tsohon ciwonsa da kansa ya fi masa daraja.

Kuɗin gyara kashi uku ne, kuma a rubuta kowanne daban: kuɗin kaya, kuɗin hannu, kuɗin fenti. Wurin kaya ne aka fi samun saɓani. Fitila ɗaya tana da farashi uku: sabuwa ta kamfani, ta hannu wadda aka ciro daga wata mota, irin da muke ce wa ƴar Kwatano, da kuma sabuwa ta kwaikwayo mai araha wadda rana ke sa ta yi ja cikin shekara. Adalci shi ne a mayar wa mutum irin abin da aka fasa masa. Wanda motarsa ta shekara ashirin ba zai ce sai sabuwar fitila daga kwali ba, wanda kuma tasa ta asali ce ba za a liƙa masa ta kwaikwayo ba. Ku tafi wurin mai kayan tare, ko a kira shi a buɗe murya kowa ya ji. Kaya da yawa daga Kano ko Katsina ake kawo su, farashinsu yana bin canjin naira da halin da iyaka ke ciki, don haka farashin da aka ji yau a biya shi yau.

Fenti kuma mutane ba su gane shi ba. Mai biya yakan ce ai ɗan wurin nan ne kamar tafin hannu, a shafa masa kawai. Ba a yi wa ƙofa faci. Idan aka taɓa ta, dukkanta ake fesawa, in ba haka ba tabon yana nan kamar ƙyalle a riga. Ranar Maradi tana cin launi, motar da ta yi shekaru a nan ba ta yi daidai da launin gwangwani ba, sai an yi ta haɗawa ana gwadawa a jikin ƙarfe. Fara ta fi sauƙi, mai ƙyalli irin ruwan azurfa ta fi wuya da tsada. Lokacin hunturu kuma, in iska ta taso da ƙura, dole mu yi fenti da sassafe ko mu jira, don ƙura tana manne wa ɗanyen fenti. A sa wannan cikin lissafin kwanaki.

Kwanakin nan su ne kashi na huɗu da ake mantawa. Idan motar haya ce, kowace rana a garaji asara ce ga direba da mai mota. A yi maganarsa tun farko: kwana nawa, nawa a rana, ko an yafe. Da yawa suna yafewa idan aka roƙe su da mutunci, amma ba su son a yi kamar ba a san da shi ba.

Idan jimillar ta fito, mai laifi ya tsaya ya yi lissafi kafin ya ce na ɗauka. Dokar asurans da muke bi ita ce ta CIMA, yarjejeniyar asurans da ƙasashen Afirka 14 suka sa wa hannu a Yawunde ta Kamaru a 1992, Nijar tana ciki. Sashe na 200 shi ya wajabta wa mai abin hawa mai inji asurans ɗin da ke biyan ɓarnar da ya yi wa wani. Wannan da yawancinmu ke saye don a nuna a shingen hanya, aikinsa ke nan: yana gyara motar wanda ka buga, ba ya gyara taka. To idan takardarka tana da rai, kuma aikin ya tashi jika 200 ko 300, me zai sa ka sayar da tumakinka alhali ka riga ka biya kamfani don irin wannan rana? Sulhu na aljihu na ƙaramin abu ne. Abu biyu za ka riƙe. Na ɗaya, akwai wa'adin sanar da kamfani, yana rubuce a kwangilarka, kuma doka ta ce ba zai gaza kwana 5 na aiki ba. Shi ya sa nake matsa wa mutane a buɗe mota ranar farko ko ta biyu, tun ƙofar can ba ta rufe ba. Na biyu, kamfani yana da damar ƙin amincewa da duk wani sulhu ko ɗaukar laifi da ka yi ba da saninsa ba. Idan ka biya da hannunka, kada ka sa ran za a mayar maka.

In an tsaya a kan sulhu, a rubuta. A nan ne kunya ke cutar mutanenmu. Sai ka ji an ce haba, Malam, ai mu Musulmi ne, magana ta isa. Ni kuwa nakan tuna musu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takardar littafin ƴan makaranta ta isa, da Hausa ko ajami ko Faransanci, duk wanda ku biyu kuke karantawa. A sa kwanan wata da wurin da abin ya faru, sunayenku da lambobin motoci, a ce babu wanda ya ji ciwo. A lissafa abin da ya lalace ɗaya bayan ɗaya, fitilar hagu ta gaba, parashok, ƙarfen bayansa, kada a ce "gaban mota" kawai. A sa sunan garaji, jimillar kuɗi, abin da aka bayar yau, da ranar cikon saura. Idan biya kaɗan-kaɗan ne, a sa ranaku, kamar kowace Juma'a jika 5, da sunan wanda ya tsaya masa. Akwai layi ɗaya da nake sa a ƙara kullum saboda malamin nan mai Corolla: idan mai gyara ya tarar da wata ɓarna daga wannan bugun kafin ya gama aiki, za a kira mai biya ya gani da idonsa, a sake zama. Ku sa hannu ko dangwale, shaidu biyu su sa, a yi kwafi biyu, kowa ya ɗauki hoto a salularsa.

Wajen biya, na fi son mai laifi ya biya mai kaya da mai gyara kai tsaye, rabin kuɗin hannu a farko, rabi in an gama. Haka ya san inda kuɗinsa ya shiga, mai mota kuma ya san aikin zai yiwu. Idan mai motar ya ce a ba shi kuɗin a hannu zai gyara daga baya, hakkinsa ne, sai dai a rubuta cewa ya karɓa kuma magana ta ƙare. Kuɗin da aka turo ta Nita ko Amana ko Airtel Money, a adana rasit ɗin. Wanda aka ba da hannu, a ba da shi gaban shaida, a rubuta a bayan takardar.

Idan ranar biya ta zo mutum ya daina ɗaukar waya, kada ka je ƙofar gidansa da hayaniya. Ka fara da wanda ya tsaya masa, sannan mai unguwarsu. In duk bai yi ba, ka ɗauki takardarka da hotunanka ka tafi komisariya, ofishin ƴan sanda. Yawanci ba a kai nan ba, don wanda ya sa hannu gaban maigidansa ba ya son a ji.

Ranar karɓar mota ku zo tare, kuma da rana, kada a karɓa da magariba. A fito da ita fili, ka tsaya ta gefe ka kalli fentin a karkace, nan ne bambancin launi da tudun mastik ke nunawa. Ka shafa da tafin hannu, ka buɗe ƙofa ka rufe, ka kunna fitilu da sigina, ka zagaya unguwa ka dawo ka leƙa ƙasa. Tsofaffin kayan da aka cire a nuna wa wanda ya biya, in yana so ya tafi da su. Idan komai ya yi, mai mota ya rubuta a ƙasan takardar cewa ya karɓi motarsa, ba ya bin kowa komai, ya sa kwanan wata da hannu, shaidun da suka sa na farko su sake sa nasu.